Injiniya Allah Sarki

Ko na manta da komai a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka naɗi muryar Iya Falmata ba. Yanzu matasa kan zo gidana su ga kofin da aka ba ni na gwanin ɗaukar sauti a fim, su zaci da gwaninta aka haife ni. Nakan bar su da zatonsu.

Lokacin dawowata ke nan daga Yamai da takardar horo, kaina ya kumbura. Wani mai shirya fim, Mushe Laminu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya ba ni aikina na farko. Za mu ɗauki labarin Iya Falmata, wata tsohuwa Babarbariya a cikin Birni, wadda kakanta yana cikin maginan ganuwa. Ta tsufa tukuf, numfashi ma da ƙyar, sai 'ya'yanta suka ce zama ɗaya za su ba mu. In sauti ya lalace, fim ya tafi, ni ma na bi shi.

Ranar na yi mulki. Na sa maƙwabta suka ajiye taɓarya, na sa aka ja akuya zuwa wani lungu, na hana mai kamara tauna goro (mutumin ya isa ya haife ni, Allah ya saka masa da haƙurinsa). Na ɗora na'urar saurare a kunne, na miƙa sandar makirfo, na daka tsawa da Faransanci a yi shiru: "Silans!"

Iya ta fara. Ta faɗi yadda ake kwaɓa ƙasa ana waƙa, ta gangaro kan ƙanenta da ya tafi fatauci Kano bai dawo ba. Muryarta sak ta kakata. Daɗi ya kama ni, tausayi ya kama ni, har aka gama ban san an gama ba.

Washegari muka taru a ofis don saurare. Muryar Iya ta fito tas. Amma duk inda ta ja numfashi sai wani ƙato ya ce, "Allah sarki." Can kuma, "Na'am, Iya." Can kuma, "Ikon Allah!"

Na miƙe zumbur. "Wane sakarai ne wannan? Ba na ce silans ba?" Na zuba wa mai kamara harara.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, bar kasat ɗin ya ɗan yi gaba."

Ya yi gaba. Sai ƙaton ya ce, murya na rawa, "Wayyo Iya, kamar kakata ta Takeita."

A ɗakin nan mutum ɗaya ne ke da kaka a Takeita. (Ba kowa ke gane muryarsa a kasat ba, da wannan nake kare kaina har yau.) Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mushe Laminu ya dafe kai, mai kamara ya ciro goronsa ya ɓantara a gabana.

Da roƙo da ban baki aka ƙara mana zama. Wannan karon na cije leɓe na yi gum. Iya ta yi magana biyu, ta tsaya, ta dube ni.

"Ɗan nan, rasuwa aka yi muku?"

"A'a, Iya."

"To ni ba na hira da bango. Ku tashi."

Dole aka yi amfani da na farkon. Kafin damina Iya ta rasu, kuma wannan kasat shi kaɗai ya rage na muryarta, da ni a ciki ina ta Allah sarki. Sunan ya bi ni. Har gobe in na shiga Birni da shi tsofaffin abokai ke kira na, kuma ina kewar waɗancan kwanaki.

Tun daga ranar, in na ji sakarai a cikin sauti, sai na saurara sau biyu kafin in tambayi ko ɗan gidan wa ne.