Kyamarar da Ba Ta Son Gaggawa

"Lafiya lau na wuni, sai kewar abincin da ba ki taɓa dafa mini ba," in ji Kaka, yana tura ƙofar shagon hoton da sandarsa. "Ina amaryar tawa? An ce kin sayo injin niƙa kin liƙa masa gilashi."

Jikar tasa tana tsaye tsakanin fitilu biyu masu lema, rungume da sabuwar kyamara kamar an miƙa mata jariri. Shi ya kafa shagon nan, ya bar mata da idonsa ya fara gajiya. Shekara shida tana aiki da kyamara mai madubi a ciki, irin wadda kana dannawa za ta zubo hoto goma kafin mutum ya ƙifta. Makon jiya ta sayar da ita ta ɗauko wannan ƙatuwar, wadda farantin da ke kama haske a cikinta ya kusa ninka na waccan. Murna kam ba a magana, har hira take yi da ita. Sai dai akwai abin da ta ɓoye wa kowa: kwana uku ke nan, duk hoton da ta ɗauka, in ta jawo shi a kwamfuta sai ta ga dishi-dishi. Ga mai kantin yadudduka zai zo ƙarfe huɗu da masu tallar kayansa, hoton da za a kafa a ƙaton allo bakin titi. Tsohuwar kyamara kuwa ta riga ta tafi.

Amma ba a gaban wannan tsohon za ta nuna ba.

"Injin niƙa? Kai da taka sai an lulluɓa da baƙin zani kamar mai satar nama a tukunya?"

"Wannan ta ubangidana ce, marar kunya. Tawa a tumbi nake riƙe ta, in leƙa ta sama."

"Ashe shi ya sa ka ranƙwafa."

"Aurenki ne ya ranƙwafar da ni."

"Ka ga wannan? In na ɗauki gemunka sai an ƙirga gashin ɗaya bayan ɗaya. Duka bakwai ɗin."

"Tawa ta taɓa ɗaukar wani mutum, hoton ya fito har da abin da ya ci jiya."

"Tawa abin da zai ci gobe take ɗaukowa."

"To madalla, a gwada a kan mijinki."

Ya haye kujerar da ke gaban labule, ya gyara hula. Ba yadda ta iya. Ta ɗaga kyamara a hannu yadda ta saba, ta durƙusa, ta miƙe, ta karkata, tana ta dannawa, ita kuwa kyamarar tana amsawa a hankali kamar ana tashinta daga barci. Da suka je gaban kwamfuta, Kaka ya kai hancinsa dab da allon.

"Kunnen nan nawa ne, na shaida shi. Ya fito tangaran. Mai kunnen fa, hayaƙi ya shiga?"

"Fuskarka ce haka. Kyamara ba ta ƙarya."

"Na gaba."

Na gaba hular ce ta fito, har zaren ɗinkinta. Na gaba kuma ba hula ba kunne. Tsoro ne ya kama ta sosai.

"Kaka," ta ce, muryarta ta sauka, "ƙarfe huɗu masu yadi za su zo. Duka haka suke fitowa. Ina jin lalatacciya aka sayar mini."

"Nawa kika danna yanzu?"

"Sha takwas."

"Sha takwas a kan tsoho ɗaya. Ni fim guda hoto sha biyu yake ba ni, gida sha biyu ke nan. Lafiyar kyamara ƙalau, mai ita ce take rawa. Waccan 'yar tsere ta lalata ki, kin saba ki yi ta ɓarin wuta ko ɗaya zai dace. Babba ba ta yafe rawar hannu, numfashinki ma gani take. Ina mai ƙafa ukun nan tawa?"

Tana bayan labule, jikar ta mai da ita maratayin jaka. Ta jawo ta da kyar, ƙarfe ne zalla.

"Wannan ai ta girme ni."

"Ta kuma fi ki natsuwa. Ɗora kyamarar a kanta. Tsuke idon kyamarar kaɗan, ƙara wa fitila ƙarfi. Saita a ƙwayar idona, ba kunne ba. To cire fuskarki daga bayanta, ki aza yatsa kawai, ki yi mini magana."

"In ce me?"

"Zage ni mana, shi kaɗai kika ƙware a kai."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai kaɗai ne mijin da ya biya sadaki da alewa biyu, ɗayar ma ka gutsura."

Dariya ta ƙwace masa. Ta jira har dariyar ta sauka ta bar saura a idonsa. Ta danna sau ɗaya.

Hoton ya buɗe a allo. Kai, abin sai wanda ya gani. Kowane tamoji a goshinsa, kowane farin gashi, ga ido tar kamar zai ƙifta. Ta daka tsalle, ta kusa ture fitila. Agogo ya ce uku da rabi, kuma yanzu ko masu tallar yadin su ashirin ne su zo.

"Tsaya ka ga abin da taka ba ta iyawa," ta ce. Ta jawo idon nasa, ta ƙara jawowa, har ya cika allon. Can cikin baƙin ƙwayar ga lema biyu farare, a tsakaninsu ga wata 'yar mitsitsiyar mace tsaye, yatsanta a kan kyamara, bakinta a buɗe.

Kaka ya daɗe da hancinsa a jikin allon.

"Wace ce wannan mummunar da ta shigar mini ido?"

"Matarka ce, tana zaginka."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. "Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa ɗaukar hoton da mai hoto ya fito a ciki ba. Na sallama, taki ta fi tawa. Mai ƙafa ukun kuma na bar miki, sadaki ya cika."

Ya laluɓo sandarsa, ya nufi ƙofa, sai ya juyo.

"Ki wanke mini shi babba. Kuma kar ki kuskura ki goge mummunar nan. Tun ranar da aka haife ta a nan take zaune."