Ɗakunan da ke Cikin Albasar Ɗanasabe

"Ya kasuwa, Kaka? Ya iyali? Ya kuma fama da tsufa?"

"Tsufa? Ban san shi ba. A makarantarku yake koyarwa?"

Talatu ce durƙushe a ƙofar zauren kakanta na wajen uwa, Malam Ɗanasabe mai albasa, a Unguwar Dosa. Ranar wata Lahadi ce da hantsi, cikin shekarar 1976. Ba ta daɗe da fara koyar da kimiyya a aji biyu na wata sakandaren 'yan mata ba. Tsohon yana zaune a kan tabarma yana ware albasar da zai kai kasuwar Kawo, fara gefe guda, ja gefe guda. Ita kuwa ta sauke wani akwatin katako a gabansa a hankali, kamar mai ajiye jariri.

"Mene ne a ciki?" in ji shi. "Ko kin gaji da jiran samarin zamani ne, kin kwaso kayanki kin tare a gidana?"

"In tare in yi yaya da kai? Haƙora nawa suka rage maka?"

"Waɗanda suka rage sun ishe ni cin tuwon da ba ki iya tuƙawa ba."

"Albasa na zo ka ba ni. Guda ɗaya."

Ɗanasabe ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Mai albashi ta zo roƙo wajen mai albasa."

"Ba miya zan yi ba, darasi zan koyar da ita. Gobe sufeto zai zo daga ma'aikatar ilimi, ya zauna a bayan aji ya ga yadda nake koyarwa. In bai gamsu ba, ba za a tabbatar da ni a aiki ba. Shi ya sa shugabar makaranta ta ara mini wannan in gwada hannuna."

"To, madalla. A da karatu ake koya wa yara, yanzu an koma yankan albasa. Ai da kakarki Ladidi suka ɗauka, ta fi ki iyawa."

Talatu ba ta kula shi ba. Ta buɗe akwatin ta fito da wani baƙin ƙarfe mai dogon wuya, da ɗan madubi a ƙasansa. Tsohon ya ja da baya.

"Ke, ƙaramar igwa kika shigo mini da ita gida?"

"Madubin likita ne. Abin da ido ba ya iya gani, shi yake ƙara masa girma."

"Alhamdu lillahi. Fara duba hankalinki da shi, ko za a dace a gano inda ya maƙale."

Ya laluba cikin tarin ya zaɓo wata ƙanƙanuwa wadda ta fara tsiro, ya miƙa mata. Ta ture hannunsa, ta ɗauki babba mai sheƙi.

"Ɓarauniya!"

"Marowaci."

Ta sa reza ta tsaga albasar, ta ɓare wata siririyar fata daga ciki, ta shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi, ta ɗiga mata aidin. Ta juya madubin ƙasa har ya kama hasken rana. Ta daɗe tana murɗa wani ɗan maɓalli, goshinta yana gumi. Can sai ta saki ajiyar zuciya.

"Ya fito! Zo ka gani, Kaka."

"In makance ki gaje ni?"

"Me zan gada? Tabarma?"

Ya matso yana ƙunƙuni. Ya kafa ido ɗaya a bakin ƙarfen, hularsa ta faɗi.

"Ban ga komai ba sai duhu."

"Idon da ka kafa shi ka rufe. Buɗe shi, ka rufe ɗayan."

Ya gyara. Ya ƙura ido cikin ƙarfen.

"La ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Talatu, ɗakuna ne. Ɗakuna a jere, bango na jikin bango, kamar barikin sojan sama na Mando. Ga wani ɗigo a kowane ɗaki, kamar maigida yana zaune."

"Sunan kowane ɗaki ƙwayar halitta."

Ya ɗago, ya dubi albasar, ya sake leƙawa. "Wato tun ina saurayi gidaje nake sayar wa mutane suna zubawa a miya? Da na sani ai da haya na sa."

"Ba albasa kaɗai ba. Duk abu mai rai da irinsu aka gina shi. Itacen ɗorawa, akuya, kai kanka."

"Ni kika jera da akuya?"

"Na sa ta a gabanka don ta fi ka jin magana. Buɗe bakinka."

"Ki yi me?"

"In nuna maka naka."

Da ƙyar ya yarda. Ta sa bayan ƙaramin cokali ta kankaro cikin kumatunsa, yana ihu wai za ta cire masa sauran haƙoran. Ta shafa a wani gilashin, ta gyara, ta fara dubawa. Sai ta fashe da dariya.

"Kaka, rabin abin da ke nan goro ne."

Ya ture ta ya leƙa. "Kai! Nawa ba su jeru ba. Ga su nan a warwatse."

"Kamar zancenka."

"Na albasa sun fi nawa tsari? Wannan madubin maƙaryaci ne, Bature ya ƙera shi don ya ci mutuncina."

"Ka ga ɗigon da ka kira maigida? A cikinsa ake ajiye gado. Ba gadon gona ba, gadon kama. Rabi daga uba, rabi daga uwa. Ta nan wushiryarka ta bi ta jikin Inna ta iso bakina. Ta nan na kwaso waɗannan kunnuwan naka masu kama da faifai."

"To dawo mini da kayana, tunda ba ki gode ba."

"Zo ka cire."

Ɗanasabe ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Sai fuskarsa ta ɗan canja.

"Ashe dai Lawan yana da gaskiya," ya ce.

Lawan makanike ne a Mando, mijin Hajara, yayar Talatu. Ranar Alhamis da ta wuce Hajara ta haifi 'yarta ta uku, duka mata. Tun ranar Lawan yake fushi. Bai sayi ragon suna ba, bai ko ɗauki jaririyar ba. Yana ta gaya wa mutane wai haihuwar mata gadon gidan su Hajara ce, tun daga kakarsu Ladidi, wadda ta haifa wa Ɗanasabe 'ya'ya biyar babu namiji ko ɗaya.

"Gaskiyar me?" in ji Talatu. Ta daina murmushi. "Jiya na je barka, na tarar da Yaya Hajara tana kuka, jaririya a cinyarta."

"Ke kika ce gado ne. Ni ma abin da nake gaya wa kakarki ke nan, ta cika mini gida da masu kallabi. Da wasa nake faɗa, amma ga shi madubinki ya tabbatar."

"Madubina bai ce haka ba. Miƙo mini kwandon can."

Ta ɗebo farar albasa ta tara a hagu. "Wannan Kaka Ladidi ce. Abin da uwa take bayarwa iri ɗaya ne, kullum fara." Ta sa fara guda a kwando. Sannan ta haɗa fara da ja a dama. "Wannan kai ne. Uba iri biyu gare shi. In fara ta fito daga wajensa ta haɗu da ta uwa, mace za a haifa. In ja ta fito, namiji."

"Allah ne mai bayarwa, yarinya."

"Shi ne. Amma ta hannun uba yake aiko da wannan, ba ta hannun uwa ba. Ita ba ta da ja, da me za ta bayar?"

Tsohon ya dubi tarin dama, ya dubi na hagu. Ya sosa gemu.

"Wato kina nufin..."

"Sau biyar kana miƙa hannu a buhunka, sau biyar kana zaro fara."

"Ke! Rage murya!" Ya waiwaya wajen ƙofar cikin gida.

Ya makara. Daga bayan labule aka ji muryar Ladidi, tana tafe tana jan takalmi.

"Ƙara faɗa, Talatu. Kunnena na hagu bai ji ba."

"Ladidi, koma ciki, karatun boko muke yi, ba ki da aji."

"Yau na shiga." Ta fito da muciya a hannu, ta tsaya a kansa. "Malama, kika ce wa yake da ja?"

"Shi."

"Wa ya ɓoye ta?"

"Ban ɓoye ba!" in ji Ɗanasabe. "Wataƙila tana can ƙasan buhu, hannuna ne bai kai ba."

"Mai albasa guda," in ji Talatu, "ya kasa lalubo ja a buhunsa."

"Ranar da na haifi Auta," Ladidi ta ce, "mutumin nan ya leƙo ɗaki ya ce, 'Kin kuma?' Ina kwance ko ruwan zafi ban sha ba. Ban manta ba."

"Ai na saya miki zane a wannan haihuwar."

"Wanda ya koɗe a wankin farko."

Tsohon ya ɗaga hannu biyu. "Kun taru a kaina, tsohuwa da jikarta. Ke kuma, in haka za ki tsare sufeton nan gobe, ina tausaya masa. Ɗebi fara da ja ki tafi da su, ki nuna wa yaran yadda kika nuna mini. In ni na gane, ko sufeto zai gane."

"Lawan fa?"

"Bar ni da Lawan. Yau bayan la'asar zan hau kekena in je Mando da albasa a aljihu, in zaunar da shi a gaban yaran garejinsa in yi masa darasi. Mu biyu buhunmu ɗaya, ba mai yi wa wani gori. Kuma ragon nan da nake kiwo a bayan gida na jaririyar ne. In ya ga dama ya sayi nasa, a yanka biyu."

Talatu ta sunkuyar da kai, ta ce, "Allah ya ƙara girma, Kaka."

"Yau kuma ni ne mai girma? Ɗazu akuya ta fi ni."

"Ni ban ji nawa ba," in ji Ladidi. "A gaban mutane ka riƙa faɗa, a gaban mutane za ka janye."

Ɗanasabe ya dube ta, ya ga ba wasa a muciyar. Ya dafa bango ya miƙe, ya gyara hula, ya fita ƙofar gida ya buɗe murya.

"Jama'ar Unguwar Dosa, ku shaida! 'Yan matan nan biyar na gidana, ba laifin Ladidi ba ne. Aikina ne!"

Wani ɗan garuwa da ke wucewa ya tsaya, ruwa yana tangaɗi a garwayensa. Ya dubi furfurar tsohon sama da ƙasa.

"Biyar, Baba? A wannan shekarun? To, Allah ya raya!"

Ladidi ta saki muciya ta kama ciki. Ɗanasabe ya zauna daɓas a dakalin ƙofa yana dariya har da hawaye.

"Amin, ɗana," ya ce. "Amin."