Akwatin Ɓoye Suna da Irin Gyaɗar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Ruwan Bago ba, ranar da na shiga taron ɗaurin aure cikin babbar riga mai sitaci, na fito kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Abin haushin, ba wani maƙiyi ne ya tona mini asiri ba. Ni na tona wa kaina, da babban yatsana na dama, ina zaune a kujerar baya ta motar haya.

Bari in faro daga tushe. Akwai wani zaure a intanet na mutanen Karaye da Rogo, wani mai gyaran waya da ake kira Nura ne ya buɗe shi, shi ne kuma mai kula da shi. A nan ake sanarwar rasuwa da suna, a nan ake cigiyar akuya, a nan ake faɗin yadda hatsi ya tashi a kasuwa. Amma abin da ya tara jama'a shi ne akwatin ɓoye suna. Ka rubuta abin da ka ga dama, ka jefa a ciki, sai ya fito da sunan “Wani Bawan Allah”. Ni malamin firamare ne, a fili ko musu ba na iya yi da mai shayi, amma in na shiga akwatin nan, wayyo, zaki nake komawa. Na yi rubutu a kan famfon unguwarmu da ya lalace, aka gyara. Na yi a kan wata kwalbati da ta rufta, aka zo aka duba. Sai kaina ya fara kumbura (matata ta ce a lokacin ko tuwo nake ci, waya na hannun hagu).

Baffa Sale ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni a Kurugu tun ina ɗan shekara shida da babanmu ya rasu. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, “Babana” yake ce mini, ko a gaban 'ya'yan cikinsa. Sana'arsa sayar da iri a kasuwar Karaye, a gindin wata darbejiya, tun kafin a haife ni. Mutane ba sa ma buɗe buhunsa su duba. In Sale ya ce iri ne, to iri ne.

A waccan shekarar na karɓi aron wata 'yar gona kusa da makarantarmu, na ce ni ma zan taɓa gyaɗa. Baffa ya yi murna, ya ɗebo mini rabin buhu kyauta, da ɓawonta. Ya ce, “Babana, kada ka ɓare ta sai ruwa ya zauna. Ka rataye ta inda iska ke shiga.” Na ce to, a raina kuwa ina cewa tsofaffi da camfi. Ina komawa gida na zaunar da matata muka ɓare ta tsaf, saura wata biyu damina, na zuba a baƙar leda na ƙulle tamau don kada iska ta shiga, na ajiye a ɗakin shirgi mai rufin kwano, ɗakin da ko kaza ba ta yarda ta yini a ciki lokacin bazara.

Ruwa ya sauka, na shuka. Kwana goma gonar maƙwabta ta yi kore shar, tawa kuwa tsiro nan ɗaya, can ɗaya. Haushi ya kama ni. In je in ce wa Baffa irinsa bai fito ba? Ina! Kunya ba za ta bar ni ba, wai ni mai tarbiyya. Sai na ɗauki waya na buɗe akwati. Na rubuta cewa jama'a su yi hattara da wani dattijo mai sayar da iri a gindin darbejiya, mataccen iri yake cusa wa talakawa, ya fake da furfura da carbi. Ban ambaci suna ba, na ce ai na rufa masa asiri. Darbejiya nawa ce mai dattijon iri a kasuwar Karaye? Ɗaya ce tak.

Kafin la'asar sharhi ya wuce ɗari. Wanda bai taɓa sayen ko tiya ɗaya a wurinsa ba ya ce shi ma an cuce shi. Wanda ya yi shuka a ƙasa busasshiya ya samu inda zai rataya laifinsa. Kasuwa uku a jere Baffa ya shimfiɗa buhunansa, mutane na wucewa ta gefe suna gaishe shi daga nesa. Shi kuwa iri lokaci gare shi, in shuka ta wuce ya zama gyaɗar ƙuli. Haka ya kwashe kayan ya ba mata masu matsar mai.

Sai ya aiko Auwalu, babban ɗansa, tsarana da muka tashi ɗaki ɗaya, ya kira ni. Na sami Baffa a zaure ya rame, ya ce, “Babana, an ce a cikin waya aka zage ni. Auwalu ya ƙi karanta mini. Kai ne mai boko, karanta mini, kada ka rage komai.” Wallahi na karanta. Na zauna a kan tabarmarsa na karanta masa rubutuna da bakina, har wurin furfura da carbi, ina ma gyara murya kamar mai jin zafin abin. Da na gama sai ya ce, “Da ya zo ya same ni ai da na musanya masa. Taka gonar fa, ta fito?” Na ce ta fito sarai, Baffa.

A cikin makon wani malami abokin aikina ya ji yadda na adana irin, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, “A leda? A ɗakin kwano? Ai dafa ta ka yi, Malam, saura gishiri.” Tun ranar na san laifin wa ne. Kuma ban goge rubutun ba. Na ce in na goge za a gane, amma gaskiyar magana ita ce ban taɓa yin rubutun da ya tara jama'a kamarsa ba, kuma ina son ganinsa (wannan ita ce gaɓar da har yau nake jin nauyin faɗa).

Bayan kaka sai Nura ya fitar da sanarwa: ya cire akwatin ɓoye suna. Ya ce an kashe aure da shi, an raba abokai, an karya sana'ar wani dattijo, shi ba zai ɗauki alhakin nan zuwa kabari ba. Tsofaffin rubuce-rubuce za su zauna yadda suke, amma daga yau kowa da sunansa.

Kai, ka ga tashin hankali! Wani ya ce 'yan siyasa sun saye Nura. Wani ya ce dama can ɗan uban wa ne, gyaran waya ma ba iyawa ya yi ba. Mutum zai rubuta, “Na bar zauren nan har abada, a yafe ni,” bayan sallar azahar ka gan shi ya dawo yana duba ko an roƙe shi. Wasu suka buɗe sabon zaure don fushi, kwana biyar ya mutu, ba kowa sai mai tallan turare. A cikin hayaniyar akwai wata baiwar Allah da ta yi magana mai taɓa zuciya. Ta ce ita ta akwatin nan ta tambayi wata larura ta mata da ba ta iya faɗa wa kowa ba, aka ba ta shawarar zuwa asibiti, ta samu lafiya, yanzu ire-irenta ina za su? Ba wanda ya kula ta, kowa na ta kansa.

Ni kuwa na zama sarkin yaƙi. Da sunana na gaskiya nake rubutu yanzu, tunda ba mafaka, ina ta zuba manyan kalmomi a kan 'yancin talaka da toshe bakin marasa gata. Ana ta ce mini, “Allah ya ja da ran Malam.” Ba talaka ne a gabana ba, zakin da aka ƙwace mini nake wa kuka.

Ranar Asabar ɗin, za mu ɗaurin auren ɗan aminin Baffa a Ruwan Bago. Mun cika mota, Baffa a gaba, ni a can baya. Ana jiran direba sai na ga Nura ya rubuta: “Mai shaidar alheri ɗaya da akwatin ya jawo, ya kawo mu gani.” Na ce yawwa, ka zo hannu. Na buɗe shafina inda tsofaffin rubuce-rubucena suke jere, na ɗauki hoton fuskar wayar, ga na famfo, ga na kwalbati. Na tura, na rubuta a ƙasa: “Dubi abin da wasu bayin Allah suka yi wa al'umma.” Direba ya tada mota, datata ta ƙare, na jefa wayar a aljihu ina jin na gama da Nura.

Abin da na manta, a wayar marubuci kaɗai ake ganin wani ɗan layi a saman kowane rubutu: “Kai ka rubuta wannan. Gyara. Goge.” Kuma a gindin hoton, ƙasa da kwalbati, kan rubutu na uku ya leƙo, da darbejiyarsa da layinsa.

Muna sauka na lura samari na kallona suna taɓa juna. Na ɗauka farin jinin gwagwarmaya ne, har da ɗaga musu hannu. Wani ya ce, “Wani Bawan Allah, barka da isowa.” Aka tuntsire da dariya. Ban gane ba sai da Auwalu ya damƙi hannun rigata ya ja ni bayan masallaci, ya miƙo mini wayarsa. Ga hotona, wani ya zagaye layin da jan alƙalami sau uku. Auwalu bai ɗaga murya ba, idonsa ya yi ja, ya ce, “A kwano ɗaya muka ci tuwo da kai. Ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin duniya.”

Ban samu dama ba. An shafa fatiha ke nan, ana raba goro da dabino, sai wani tsoho mai nauyin kunne, irin masu magana kamar suna kiran wani a ƙetaren kogi, ya juyo ya ce, “Sale, ashe na cikin gidanka ne ya yi maka aikin nan?” Baffa ya dubi tsohon, ya dubi jama'a, bai fahimta ba. Ya hango ni tsaye da wayar Auwalu a hannu, ya yafito ni. Ya ce, “Babana, zo. Me kuma aka rubuta? Karanta mini.”

Na taka tsakanin tabarmi, sitacin rigata na ƙara, kowa na ji. Na durƙusa a gabansa. Na ce, “Baffa, ba sai na karanta ba. Wancan rubutun, ni na yi shi.”

Na so ya mare ni, wallahi da na ji sauƙi. Bai ko motsa ba. Ya ce, “Ka ɓare ta?” Na ce na ɓare. “A me ka zuba?” Na ce a leda. “Ina ka ajiye?” Na ce ɗakin kwano. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na mutumin da ya daɗe yana neman inda ya yi kuskure a sana'arsa, yau ya gano ba shi da shi. Ya ɗauki goronsa ya sa a aljihu, ya ce, “To, Malam. Tashi, ana kallonka.”

Malam. Tunda nake ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. A mota ɗaya muka koma, ni ina kallon bayan hularsa tun daga Rogo har Karaye.

Na sayi data na rubuta neman gafara da cikakken sunana, na faɗi leda, na faɗi ɗakin kwano. Mutum goma sha wani abu ne suka tanka, cikin ɗaruruwan da suka taya ni zagi. Masu kirana sarkin yaƙi suka ɓace ɗif, maganar dawo da akwati ta mutu a ranar. Baiwar Allahn nan kaɗai ta rubuta mini layi ɗaya: “Saboda irinku aka rufe mana ƙofa.”

Na ɗauki dattawa biyu muka je Kurugu, na durƙusa na yi kuka da majina. Baffa ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san ya yafe ɗin, ba ya magana biyu. Ranar kasuwa na je gindin darbejiya na tsaya ina gaya wa duk mai wucewa cewa ni ne na yi ƙarya. Wasu suka yi mini nasiha, wasu suka ɗauke ni hoto. Amma Baffa bai sake zama a wurin ba, Auwalu ne ke shimfiɗa buhunan yanzu, kuma mutane sai sun buɗe sun duba.

Bana da bazara Auwalu ya sauke mini rabin buhun gyaɗa a ƙofar gida, da ɓawonta, bai ko kashe babur ba. Ya ce, “In ji Baffa, a gaya wa Malam kada ya ɓare.” Na rataye ta a inda iska ke shiga, ta fito kuwa ba tsiro ɗaya da ya ƙi.

Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba, kowane tsoho a Kurugu ya san shi ba tare da waya ba: maganar da ba za ka iya faɗa wa mutum a kan tabarmarsa ba, kada ka jefa ta ta bayan katanga. Na yi ta ihu don an cire mini wurin ɓoye sunana, ashe sunan da ya fi tsada shi zan rasa. Duk Juma'a ina zuwa gaida Baffa, in durƙusa, in ja gaisuwar ta yi tsawo ko bakinsa zai suɓuce. Yana amsawa da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta. Shekara biyu ke nan, har yanzu Malam nake.