Ranar da Hausata ta sare gawon Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai malamata gonar Kawu Bello ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Ina shekarar ƙarshe a karatun noma a Sinnar, inda da Larabci muke karatu, aikina na kammalawa kuwa a kan halittun da ke cikin ƙasa ne, waɗanda ido ba ya gani. Na ɗebi ƙasa wuri uku a gonar Kawu da ke bakin kogi a Mai Wurno: cikin dawa, cikin wake, da gindin wani tsohon gawo da kakanmu ya tarar a wurin. Da aka auna, ƙasar gawon ta fi sauran yawan ire-irensu nesa ba kusa ba. Su ne ke ruɓar da ganye su ciyar da shuka.

Kawu ya tare ni ya ce, "To ɗana, mi ka gani cikin ƙasag ga?"

Da na amsa da Larabci, da an wuce wurin. Amma ina! Sai na so in nuna ni ma na iya Hausa (ni da ko ƙirge sai na koma Larabci nake kai ashirin). Na gyara tsayuwa na ce, "Kawu, gindin gawon nan cike yake da ƙwayoyin cuta, iri-iri!"

Ya ce, "Kwayyis," wato da kyau. Ni kuma na tafi ina jin kaina.

Bayan mako biyu na zo da Duktura, mai duba aikina, Bahaushiyar garin Abu Na'ama ce, don mu sake ɗiban ƙasar a gabanta. In ba a yi hakan ba, babu sakamako. Tun a mota nake cika mata baki da gawon nan.

Muka iso, babu gawo. Kututture ne baƙi ƙirin, toka ta kewaye shi.

Kawu ya taho da fara'arsa. "Marhaba Duktura! Ɗanku ya tsirar da mu. Yac ce akwai cuta, halas, shi ke nan, munka sare shi munka sa wuta."

Na yi masa tsawa, a gaban baƙuwa, abin da ban taɓa yi ba. "Kawu! Shekara nawa dawarka ta fi kyau a gindinsa?"

"Tun ba a haife ka ba," in ji shi. "Amma kai ka yi karatu. Nac ce ka hi ni gani."

Duktura ta duƙa ta murza tokar a yatsunta, ta dube ni ta ce, "Ya zol, kai ɗan nan, 'masu amfani' ne ya gagare ka faɗa?"

Na maimaita shekara, wannan da sauƙi. Abin da ke cina shi ne duk damina Kawu yakan tsaya wurin kututturen ya dubi dawar da ta tsumbure, bai kuma taɓa ce mini komai ba.

Na shuka masa wani gawon, yanzu ya kai gwiwata. Ni kuwa na koyi darasi: kafin in buɗe baki a gona, Inna nake fara gwada wa maganar. In ta ce "subhanallahi", sai in sake kalma.