Yadda Ake Zaɓar Tamostat ɗin Iyakwandishan Kafin Suruka Ta Iso

In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin abu biyu: ɗakinka zai yi sanyi, surukarka kuma ba za ta taɓa mantawa da kai ba. Ba shaci-faɗi ba ne. Malam Nababa, akawu a ofishin ƙaramar hukumar Lafia, shi ya gwada su kaf a bazarar 1988, kuma duk sun yi aiki.

Ga wanda bai sani ba, tamostat wani ɗan ƙarfe ne a bayan maɓallin da ake murɗawa, mai siririyar wutsiya kamar ta ɓera. Aikinsa ɗaya ne tak: in ɗaki ya yi sanyi ya sa injin ya huta, in zafi ya dawo ya tashe shi. Ka riƙe wannan, don Nababa bai riƙe ba.

Mataki na 1: Fara da cika baki

Kada ka taɓa na'ura sai ka ɗauki alkawarin da ba ya janyuwa. Matar Nababa, Rahmatu, ta haifa masa ɗan fari, kuma bisa al'ada bayan suna uwarta za ta tafi da ita gida wankan jego, kwana arba'in cur. Uwar kuwa Inna Sailuba ce, mai dafa gishiri a Keana, wadda ta taɓa leƙa ɗakinsa ta ce kwanon rufin ya fi murhunta zafi.

Nababa ba ya son a tafi da su ko na kwana ɗaya. Da ya tuna gidan babu kukan jaririn nan sai abinci ya fita ransa. Sai ya aika mata da saƙo ta bakin direban motar kasuwa cewa yanzu ɗakin akwai iyakwandishan, ta zo ta gani da idonta, in bai yi mata ba ta tafi da su. Abin da bai sa a saƙon ba shi ne, kwance ya saya, wato tsohon hannu, kuma tun da aka liƙa shi a taga iska mai ɗumi kawai yake hurawa.

Mataki na 2: Kira gwani, sannan ka yi watsi da maganarsa

Gwani yana da amfani, domin shi zai gaya maka sunan abin da ya lalace. Nababa ya kira Iortyer, mai gyaran firij da iyakwandishan a bakin tasha. Iortyer ya buɗe murfi, ya taɓa waya biyu, ya miƙe.

"Oga Nababa, tamostat ne ya mutu. Bari in kwafi lamba a jikin inji, in aika Jos. Sati ɗaya ya zo."

"Sati ɗaya? Jibi fa Inna za ta iso!"

"To Inna ya jira mana. Kowane inji da na shi, ba a haɗa su anyhow."

A nan sai ka yi godiya, ka raka shi har ƙofa, ka faɗa a ranka cewa masu gyara duka haka suke, jan rai ne sana'arsu.

Mataki na 3: Zaɓa da ido, lamba ta 'yan boko ce

Nababa bai kwafi lambar komai ba, duk da shi ma ɗan bokon ne. Tsinken tsintsiya ya karya daidai tsawon wutsiyar tsohon tamostat ɗin, ya soka a aljihu, ya nufi rumfar Hilary mai sayar da kayan matattun firij a kasuwa. Ya tona kwali har ya samu wanda wutsiyarsa ta yi daidai da tsinken, ga ƙafafun waya biyu irin na wancan sak.

Hilary ya juya shi a hannu ya ce, "Oga, wannan daga firiza na cire shi fa. Mai daskarar da kifi."

"Firiza ba sanyi yake yi ba?"

"Sanyi ne, amma…"

"To ni me na zo nema?"

Ka lura da hikimar. Abin da ya iya daskarar da kifi ai tsohuwa ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Mataki na 4: Ɗaura da kanka, kada ka saurari mai tambaya

Sukuddireba ba dole ba ne, wuƙar yanka albasa ta isa. Nababa ya ɗaura, ya yi bismilla, ya kunna. Injin ya yi gurnani, sanyi ya fara fita, murna ta kama shi har ya kira maƙwabta su zo su sa hannu.

Da yamma Rahmatu, lulluɓe da zane biyu, ta ce, "Malam, abin nan ba ya hutawa ne? Na ofishinku na ji yana yin shiru."

"Na ofis ragwaye ne," in ji shi.

Ta ɗauki jaririnta ta koma ƙaramin ɗaki. Gaskiyar magana, tamostat ɗin yana bakin aikinsa. Jira yake ɗakin ya kai sanyin da kifi ke daskarewa kafin ya ba da hutu, ɗaki kuwa a Lafia cikin watan Maris ba zai kai nan ba har abada. Haka injin ya yi ta aiki daga Alhamis har Juma'a, ƙanƙara tana ta taruwa a bayan murfi inda ido ba ya kai wa.

Mataki na 5: Ba kayan baƙuwa wuri mafi daraja

Inna Sailuba ta iso bayan an sauko daga masallaci, da ƙaton daro cike da gishirin da za a raba wa 'yan suna. Ita ta tace shi, ita ta dafa shi da hannunta, mako da makonni. Nababa ya karɓa yana rawar jiki, ya ajiye shi daidai ƙarƙashin iyakwandishan, ya yaye zanen da aka rufe shi don kowa ya ga farinsa.

Aka shigo da maijego da jariri. Inna ta zauna, ta dubi na'urar, ta ja mayafi. Can sai jaririn ya yi atishawa.

"Mijin Rahmatu, rage shi."

Ya murɗa daga bakwai zuwa huɗu. Daga huɗu zuwa ɗaya. Injin bai ma san ana yi ba.

"Ya ragu, Inna?"

"Kai ka ji ya ragu? Maijego da ɗanyen jiki, ana yi mishi wankan ruwan zafi safe da yamma, kai ka kawo shi ka sa a randa?"

Ba shiri ya kashe daga bango. Kowa ya fita gindin mangwaro don jiki ya yi ɗumi, aka ja ƙofa, aka kawo abinci.

Mataki na 6: Kada ka leƙa

Ƙanƙara ba ta son a tsaya mata a kai. Ka ba ta awa biyu. Bayan la'asar Nababa ya shiga ɗauko tabarma, sai ya ji ɗis, ɗis, ɗis. Ƙanƙarar yini da kwana ta narke, ta bi ta gaban murfi, ta sauka inda aka tanadar mata. Rabin gishirin Inna ya koma ruwa, sauran ya zama kamar kunu.

A tsayen nan ya hango a ransa motar Keana ta tashi da matarsa da ɗansa, ya ji kamar ya fashe da kuka. Bai ankara ba Inna tana bayansa. Ta tsoma yatsa a daron, ta lasa.

"Gishiri bai je ko'ina ba. Kawo itace."

Mataki na 7: Koyi aikin da kanka

A tsakar gida ta tace ruwan da ƙyalle, ta ɗora tukunya, ta zaunar da akawun gwamnati a bakin murhu da babbar rigarsa ta Juma'a.

"Tura." Ya tura itace. "Janye." Ya janye.

"Ka gani? Wuta ma sai ana tsayar da shi. Injin naka bai san tsayawa ba, irin mai shi."

Kafin magariba gishiri ya fara fitowa fari tas. Ta murza shi a yatsa, ta dubi surukinta, hayaƙi ya sa shi hawaye, hannun riga duk toka.

"Ba zan kai su Keana ba," ta ce. "In na tafi da su, wa zai duba ka? A nan zan yi arba'in ɗin. Ɗakin sanyin ni da su ne."

Aka ajiye masa kujera a gindin makunnin bango. In ya taso daga ofis ya zauna: Inna ta ce kunna, ya kunna, ta ce kashe, ya kashe. Aka koma wa Iortyer, bayan mako ɗaya tamostat ɗin Jos ya iso, ya ɗaura, inji ya riƙa hutawa da kansa. Inna ta saurara na yini guda, ta ce ita dai na da, mai zama a kujera, ya fi mata, don shi in an yi magana yana cewa "To, Inna."

Sanarwa

Babu ruwan mai wannan rubutu da mura, ko atishawar jariri, ko gishirin da ya narke, ko surukar da ta zo kwana uku ta yi arba'in. Duk wanda ya wayi gari yana kwana a baranda, shi ya karya tsinken tsintsiyarsa da hannunsa. Mai ƙorafi ya kai wa Nababa. Zai same shi a kujerar nan, hannu ɗaya a kan makunni, ɗayan rungume da ɗansa, yana ta murmushi.