Ranar da Na Mayar da Baban Bulus Gwanda

Ba zan taɓa mantawa da wani mutum mai keke ba, duk da cewa ni da shi ba mu taɓa haɗuwa ba. Ya rasu tun ina firamare, amma shi ya sauke mini girman kai a gaban jama'a.

Muna da wani guruf a waya na masu son gyaran hoto. Yawancinmu 'yan Kafanchan ne, sai 'yan Zonkwa da waɗanda aiki ya kai Kaduna. Lokacin wani dogon hutu, shugaban guruf ɗin, Bulus, ya ce mu yi gasa don nishaɗi. Mutum goma sha shida, biyu-biyu: a ba ku hoto ɗaya, kowa ya gyara, jama'a su zaɓa, wanda ya faɗi ya koma ɗan kallo. Ba kofi, ba komai, sai tsiya da dariya.

Ni kuwa malamin kwamfuta ne a sakandare, don haka na shiga ina hura hanci. Gwanintata ita ce sharewa. Ka ba ni hoton kasuwa, in kwashe bola da wayoyin lantarki da 'yan acaɓa, ka rantse ba a taɓa zubar da ko leda a wurin ba. Da haka na kayar da mutum uku a jere, har aka laƙaba mini Oga Tsintsiya. (Na yi kamar sunan bai dame ni ba, amma har matata na roƙa ta riƙa kirana da shi. Ta ƙi.)

A zagayen ƙarshe aka haɗa ni da Ladi, wata nas mai aiki da tsohuwar waya da gilashinta ya tsage. Bulus ya sako wani tsohon hoto da ya koɗe: mamarsa, Mama Saratu, a tsakiyar 'yan zumuntar mata a ƙofar coci, duk da zani iri ɗaya. Ya ce Mama za ta cika shekara saba'in, za a yi mata sujadar godiya, kuma hoton da ya ci shi za a faɗaɗa a kafe a wurin bikin. Wannan karon ba zaɓe, Mama ce alƙali. A ƙasa ya rubuta, "Wanda yana da tambaya ya kira ni."

Tambayar me? Ai na riga na hango hotona a bango, mutane na cewa wane ne ya yi wannan.

Na zauna na yi aiki kamar za a ba ni sarauta. Na maido launin zannuwa, na gyara fuskoki, na ɗinke inda takardar ta yage. Sai idona ya kai gefe. Can ƙarshen hoton ga wani mutum, rabin jikinsa ma bai shiga ba, riƙe da keke, yana kallon wani wuri daban. Na ce, ga irin masu shisshigin nan tun zamanin da. Minti biyar na share shi da kekensa, na dasa itacen gwanda a wurin, har da 'ya'ya nunannu.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma sai da na haɗa da saƙon murya: "Jama'a, ku lura da kyau. Akwai wani ɗan kallo da ya kutsa cikin hoton mata da tsohon kekensa. Na sallame shi."

Washegari bayan an tashi coci, Bulus ya sako bidiyon hukunci. Ga Mama zaune a tsakar gida da tabarau, ya miƙa mata nawa.

"Kai, ya yi kyau," in ji ta. "Dubi zani kamar yau na saya."

Ina murmushi ni kaɗai. Sai na ga yatsanta yana tafiya zuwa gefen hoton. Ya tsaya.

"Bulus, ina Babanku?"

"Mama, Malam ya cire shi."

"Ya cire shi ya kai ina?"

"Ya sa gwanda."

Mama ta zare tabarau ta goge, ta mayar. "Shekara ashirin mutumin nan yana kai ni zumunta da keken nan, yana jira na a waje. Yau ya zama gwanda."

Ashe Baban Bulus ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ranar ma gefe ya ja don hoton mata ne, mai hoto ya kama shi bisa kuskure. Duk duniya hotonsa ke nan da iyalin suke da shi. Ladi ta kira Bulus ta tambaya. Ita ba ta ma taɓa zannuwan ba, fuskarsa kawai ta haskaka. Da Mama ta ga nata, sai ta ce, "Ga shi nan, da kunnuwansa."

Kunya ta rufe ni. Na ruga in goge saƙon muryar, amma bakin alƙalami ya bushe, kowa ya ji. Sati guda ba abin da ake turo mini sai hoton gwanda.

Ranar godiyar na je, don guduwa ta fi muni. Ga hoton Ladi a bango, jikoki sun taru suna nuna kakansu. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Tashi, ɗana. Shi ma yana son gwanda." Ta sa aka cika mini kwano da shinkafa, na ci, raina ya yi fari.

Da aka zo hoton taro, na laɓe can gefe, don ba na son a gan ni. Mama ta hango ni ta yafito ni. "Malam, matso tsakiya. Kar wani mai ilimi ya share ka."

Har yau ina gyaran hoto, kuma har yau Oga Tsintsiya ake ce mini. Sai dai yanzu ko kare na gani a gefen hoto, sai na tambaya na wane ne kafin in taɓa shi.