Fatihar da Muka Yi wa Shehun Amurka

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, bayan la'asar, a wani ɗaki da ke saman shagon littattafai a unguwar Darrasa ta Alƙahira. Mu biyar ne: Shehu Ramadan, tsoho Bamisire mai koya mana sautukan yabo, da ni, da Usman, Bahaushen Sudan da muke ɗaki ɗaya, sai 'yan Indunusiya biyu. A ranar malam zai zaɓi wanda zai yi yabo a walimar masu kammala karatu. Wata uku ina shiri, don ni nake so a zaɓa.

Sai na koma baya kaɗan. Babana tela ne a Kaduna, kuma kaset ɗaya ya fi ƙauna a duniya, na wani mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, cikin waɗanda suka fara waƙar soul. Yana taka keke yana ba mu tarihinsa kamar na ɗan unguwarmu: a coci ya fara, ya koma waƙar soyayya, mutanen cocin suka yi fushi, yakan cika zaure da Turawa, amma otal ɗinsu ba ya kwanuwa gare shi. Baba ba ya jin Turanci sosai. Idan mawaƙin ya ja murya sama ya sauke ta a hankali, sai ya tsayar da keken ya ce, "Kun ji? Gida yake so." Baba ya rasu ina shekara ta biyu a Alƙahira, ban samu jana'iza ba. Tun daga lokacin, kowace safiya nakan sa abin ji a kunne in saurari waƙa ɗaya ta mawaƙin kafin in fita.

Da layi ya zo kaina, malam ya ce in yi baiti biyu da saba, wato sautin da Misirawa suka ware wa baƙin ciki. "Ka tuna abin da ka rasa, ya ibni, ɗana, sannan ka buɗe baki."

Na tuna. Baitin farko ya tafi daidai. A na biyu muryata ta hau, ta karye, ta gangaro ta wata hanya da ba a taɓa koya mana ba, har da ɗan gunji a hanci. Na ji ƙarar keken ɗinki a kaina.

Malam ya ɗaga hannu. "Wannan ba saba ba ne. Amma yana da kyau. A wurin wa ka ɗauko?"

(Shekara shida na yi ina karanta labarai a rediyo kafin in zo karatu, ban taɓa faɗin abin da ban tabbatar ba.) Na ce, "Wani shehi ne, Maulana. Baƙar fata."

"Yana raye?"

"Ya daɗe da rasuwa."

"To yana da haƙƙi a kanmu. Fatiha."

Duka muka ɗaga hannu, har da ni. 'Yan Indunusiya sun rufe ido. Usman ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Da aka shafa, malam ya tambaya ko shehin ya bar murya a kaset. Na ce da wuya.

"Haba, ya zol, mutumina, kada ka yi wa Maulana rowa," in ji Usman. "Yana cikin wayarsa. Kullum sai ya saurari Shehu kafin ya sha shayi."

Malam ya miƙo hannu. Na yi fatan caji ya ƙare, bai ƙare ba. Na danna. Fiyano ya fara, ganga ta biyo, mata uku suka amsa, sannan Shehu ya shigo yana roƙon wata budurwa ta dawo. Minti uku ne waƙar. Na taɓa karanta labarin rasuwa kai tsaye ba tare da muryata ta girgiza ba, amma a nan na rasa inda zan ajiye idona.

Malam bai katse ba sai da ta ƙare. Ya tambayi inda mutumin ya koyi waƙa. Na ce a coci. Ya gyara zaman hularsa.

"Numfashinsa ya fi naka," ya ce. "Kai kuma wa ya sa maka wannan a kunne?"

"Babana."

"Me ya hana ka faɗa?"

Tsoro nake a ce ɗan tela mai jin kiɗa ya zo koyon yabo. Ya tambayi sunan Baba da sana'arsa, da ko yana raye. Na faɗa, wannan karon ba ƙari. Ya ce a sake ɗaga hannu. Shekara guda da rasuwar Baba, ranar ce na fara yi masa kuka, a gaban mutum huɗu, wayata na kan cinyar malam.

Abin da na koya kaɗan ne: idan za ka yi ƙarya, kada ka yi ta a gaban wanda ya san ƙarfe nawa kake shan shayi, kuma kada ka yi wa mutumin da ke saurin ɗaga hannu. Usman aka zaɓa ya yi yabo a walima. Ni kuwa har na gama karatu, ɗaliban Darrasa halifan Shehun Amurka suke kirana.